Nawa Ya Kamata a Sayi Fiyano na Hannu?

Duk wanda ya tashi sayen mota ta hannu a ƙasar nan ya san inda zai dosa. Akwai kasuwarta, akwai dillalanta, ga kuma makanikai a kowane lungu waɗanda za su buɗe masa bonet su gaya masa gaskiya, ko da rabinta ne. Wanda ya tashi sayen fiyano na hannu kuwa, da shi da mai kayan duk a cikin duhu suke ciniki. Mai kaya yana tuna kuɗin da ya biya, ko ya tuna mahaifinsa da ya bar masa shi gado. Mai saye kuma yana kallon ƙyallin katako, ya danna madannai biyu ko uku, sai kawai a yanka wani kuɗi wanda babu wanda ya san daga inda ya fito. Kuɗin nan kuwa ba kaɗan ba ne. Sau da yawa karo-karon 'yan coci ne na wata da watanni, ko ribar shekara guda ta wata ƙaramar makaranta, ko kuma guminsu iyaye da ke son ɗansu ya koyi kiɗa.

Ni dai tun ina firamare nake kaɗa fiyano, kuma a nan Kudu da zarar an san ka iya, to kai ake jan hannu a tafi da kai duba na sayarwa. Abin da na koya a wajen irin wannan rakiya, da kuma abin da na tsinta a bakin masu saitin fiyano, shi nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani. Zancena a kan fiyano na tsaye ne, wato wanda ake jingina bayansa da bango, tsirkiyoyinsa suna tsaye a cikin akwati. Shi ne aka fi samu a gidaje da makarantu da ƙananan coci-coci. Shimfiɗaɗɗen nan mai ƙafa uku da ake gani a manyan ɗakunan taro, kamar na cibiyar MUSON da ke Onikan a Legas, cinikinsa na manya ne.

Tsufa ba ya ƙara masa daraja

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fitar daga ransa shi ne zaton cewa tsohon fiyano ya fi tsada don ya tsufa. Wannan zato daga wajen gogen Turawa ya samo asali. A shekarar 2011 an sayar da wani goge da Antonio Stradivari ya ƙera tun 1721 a kan fam miliyan 9.8, saboda haka mutane suka ɗauka kowane kayan kiɗa haka yake. Amma goge akwati ne marar nauyi mai tsirkiya huɗu. Fiyano kuwa inji ne. Yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, da tsirkiyoyin ƙarfe wajen 220 zuwa 230, kuma idan aka haɗa ƙarfin jan da suke yi gaba ɗaya yakan kai tan 18 zuwa 20. Dare da rana wannan ja yana nan, ko ana kaɗawa ko ba a kaɗawa. Ban da wannan akwai dubban ƙananan sassa na katako da ulu da fata da gam, waɗanda suke cinyewa kamar yadda taya da birki suke cinyewa a mota. Masu gyara sukan ce fiyano na gida mai kyau yana yin shekara 40 zuwa 60 kafin ya nemi gagarumin aiki.

Haka kuma tsofaffin ba su yi ƙaranci ba, balle a ce ƙarancin ya ɗaga kuɗinsu. Tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙago fiyano a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, sannan Robert Wornum na Landan ya gyara injin na tsaye a 1826 har ya zama abin da talaka zai iya ajiyewa a ɗaki, masana'antu suka yi ta zubo shi. A shekarar 1909 kaɗai an sayar da sama da 360,000 a Amurka. Yau a Ingila mutane kyauta suke bayar da irin waɗannan tsofaffi ga duk wanda zai zo ya ɗauke musu. Wasu daga cikinsu ne ake cusawa a kwantena tare da firji da katifu, su sauka a Apapa, a goge su da mai, a ce maka ai wannan kayan tarihi ne.

Akwai alamomi uku da ke nuna irin wannan tsoho. Idan ka buɗe murfin sama ka ga tsirkiyoyi duk a miƙe suke, babu dogayen da suka gitta ta kan sauran, tsohon yayi ne. Idan ka ga wasu siraran wayoyi sun jeru a gaban gudumomi kamar kejin tsuntsu, shi ma haka, kuma masu saiti da yawa ba sa son taɓa shi. Idan ka ƙirga madannai ka sami 85, nan ma ka san inda aka kwana. Wasu masu kaya kuma sukan yi tinƙaho da cewa madannan na hauren giwa ne. Tun 1989 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, don haka wannan ba abin da zai ƙara wa fiyano ko kwabo ba ne, sai dai ya tabbatar maka da cewa ya kwana biyu a duniya.

Suna, shekaru da tsayi

Kafin a yi maganar kuɗi sai a san abu uku, kuma duk ana iya saninsu ta waya tun ba a kashe kuɗin mota ba. Na ɗaya sunan kamfani. Sunan da ke rubuce a murfin madannai ana iya liƙa shi, saboda haka a nemi wanda aka zuba a jikin ƙarfen ciki. A kasuwar nan tamu Yamaha da Kawai, dukkansu na garin Hamamatsu a Japan, su ne suka fi riƙe kuɗinsu, domin ana samun kayan gyaransu kuma kowane mai saiti ya san cikinsu. Samick da Young Chang na Koriya ta Kudu da Pearl River na ƙasar Sin suna biye, kuɗinsu ya fi sauƙi.

Na biyu lambar ƙira, wadda yawanci ake bugawa a saman ƙarfen ciki. Da ita ake gane shekarar da aka yi fiyano, ko dai a shafin kamfanin na intanet ko a littafin nan da ake kira Pierce Piano Atlas. Mai kaya zai iya cewa shekararsa goma, kuma ba ƙarya ya yi ba, shekara goma ke nan da zuwansa gidansa. Lambar ce za ta faɗi shekarun da ya yi a wani gida a Osaka kafin nan.

Na uku tsayi. Gwargwadon tsayin akwati, gwargwadon tsawon tsirkiya da faɗin allon amo, gwargwadon kuma cikar murya. Yamaha U1 santimita 121 ne, U3 kuma 131, shi ya sa ko shekarunsu ɗaya U3 ya fi kuɗi. Gajerun nan da ba su kai mita ɗaya ba suna da ban sha'awa a falo, amma injinsu a nutse yake ƙarƙashin madannai, fitar da shi don gyara wahala ce, kuma an daina ƙera su.

Abin da ke ciki

A nan ne kuɗin yake, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. A tafi da tocila, a nemi izinin mai gida a buɗe murfin sama, a cire allon gaba da na ƙasa wajen feda. Ba a buƙatar sukudireba, 'yan sakata ne ke riƙe da su. Mai kayan da ya ƙi a buɗe, to a yi masa sallama cikin mutunci.

Lalacewar fiyano iri biyu ce: wadda kuɗi kaɗan ke gyarawa, da wadda ke kashe shi. Madanni da ya maƙale, feda mai ƙara, tsirkiya ɗaya ko biyu da suka tsinke, farin madanni da ya ɓantare, waɗannan duk abin a rage kuɗi ne a wuce. Ko gudumomin ulu da tsirkiya ta yi wa zane ana iya kankare su su dawo, muddin akwai sauran tsoka a jikinsu.

Masu kashe shi kuwa, babbarsu tana wajen ƙusoshin ɗauri. Kowace tsirkiya an naɗe ta ne a jikin wata ƙusa ta ƙarfe, ƙusar kuma an kafa ta a cikin wani katako mai kauri da ke bayan ƙarfen ciki. Babu noti; matsin katakon kawai ke riƙe ƙusar. Idan katakon ya bushe ko ya tsage, ƙusoshi sai su saki, ko an yi saiti da safe kafin yamma ya warware. A fiyano na tsaye canza wannan katako ya fi kuɗin fiyanon kansa. Ido ba ya ganin wannan ciwo kai tsaye, amma kunne yana ji. Yawancin madannai tsirkiya uku suke bugawa a lokaci guda, kuma ya kamata ukun su fito da murya ɗaya. Idan ka danna madanni ɗaya ka ji kamar biyu ka danna, wata ƙusa ta zame ke nan. Idan ka ga tabon mai baƙi-baƙi kewaye da ƙusoshi, wani ya riga ya ɗiga musu magani don su ƙara kamawa, wato ciwon tsoho ne.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da wayar hannu. Madanni na 49 daga hagu, wato A da ke saman C ta tsakiya, ya kamata ya yi girgiza 440 a daƙiƙa, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke auna wannan. Idan fiyano duka ya sauka da rabin mataki ko fiye, an yi shekaru ba a yi masa saiti ba. Ɗaga shi zai ci saiti biyu ko uku, kuma idan tsirkiyoyin sun yi tsatsa wasu za su tsinke a hanya.

Daga nan sai a leƙa baya. Faffaɗan katakon da ke can shi ne allon amo, shi ke mayar da girgizar tsirkiya ta zama murya. 'Yar tsaga a jikinsa ba ta cika yin illa ba, amma idan haƙarƙarin da aka manna masa sun ɗago, za a riƙa jin zuza kamar an sa takarda a ciki. A duba kuma abin da tsirkiyoyi suka hau kansa, wanda masu goge da garaya suke kira jaki, musamman na wajen manyan tsirkiyoyi a ƙasa, ko ya tsattsage. Shi kuwa ƙarfen ciki, idan ya tsage magana ta ƙare.

Sai kuma cututtukan da ƙasarmu ta ƙara da su. Fiyano ya fi son danshin iska na wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100. A Legas da Fatakwal danshi yakan wuce kashi 80, sai katako ya kumbura, madannai su yi nauyi, tsirkiya ta yi tsatsa, gam ya saki. A Kano kuwa lokacin hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, sai katako ya tsuke ya tsage. A ganina kumburi ya fi tsagewa dama, domin abin da ya kumbura yana saɓewa, wanda ya tsage kuwa ya tsage. Kamfanin Yamaha da kansa ya sha gargaɗin masu saye a Amurka cewa fiyanon da aka yi domin iskar Japan mai laima yana iya wahala a busasshen gida. Wannan gargaɗi bai dami na Legas ba sosai, amma wanda zai sayi irinsa ya kai Jos ko Kaduna ya kamata ya sa shi a lissafi. Ban da iska akwai gara, da ɓeraye masu sheƙa a ƙarƙashin madannai, da kyankyasai masu cin ulu. A haska tocila a ƙasan akwati. Garin katako, ko kashin ɓera, ko layin da ruwan ambaliya ya bari a jikin katako, kowannensu ya fi duk abin da mai kaya zai faɗa gaskiya.

Wanda bai san kan fiyano ba ya ɗauki mai saiti ya biya shi kuɗin dubawa. Amma fa kada ya zama mai saitin shi ne dillalin kayan, domin mai jiran la'ada ba ya ganin aibi.

Lissafin kansa

Hanyar da aka fi sani ita ce kwatance, wato a nemi nawa ake sayar da irinsa. Matsalarta ita ce abin da ake gani a shafukan talla kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba kuɗin da aka sallama ba, kuma wani tallan ya yi wata shida yana nan babu mai taya. Hanya ta biyu ita ce a ɗauki kuɗin sabo a riƙa ragewa gwargwadon shekaru. Wannan tana da amfani ga fiyanon da bai wuce shekara 20 ba wanda har yanzu ana ƙera irinsa. Sai dai a lura, kuɗin sabo na yau ake ɗauka, ba wanda mai kaya ya biya ba. A 2015 dalar Amurka tana wajen naira 197 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Don haka mutumin da ya saya a 2015 ya kuma nemi fiye da abin da ya biya, ba lallai ne zalama ce ta sa shi ba; naira ce ta lalace a hannunsa. Masu saye da yawa suna jin haushin wannan, alhali lissafin mai kayan daidai ne.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta uku. A tambayi kai: da wannan fiyano lafiyayye ne sarai, nawa zai yi? Sannan a cire duk abin da za a kashe kafin ya kai wannan matsayi a cikin ɗakin mai saye. Mu ƙaddara misali. A ce a shagon masu sayar da na hannu, irinsa mai shekarunsa wanda aka gyara naira 2,400,000 ne, su kawo maka gida, su yi saiti, su kuma tsaya maka idan wani abu ya taso. Wanda ka gani a gidan wani babu mai tsaya maka, saboda haka ni nakan cire kashi ɗaya cikin huɗu tun farko, saura 1,800,000. Mai saiti ya duba ya ce ɗaga murya da saiti biyu 120,000, kankare gudumomi da daidaita inji 250,000, manyan tsirkiyoyi biyu 60,000. Mota da 'yan dako kuma 120,000, domin abu ne mai nauyin kilo 200 zuwa 250, idan bene ne ma sai abin da ya ƙaru. An kashe 550,000 ke nan. Abin da ya rage, 1,250,000, shi ne iyakar abin da ya kamata mai saye ya biya. Yana iya tayawa a miliyan ɗaya, amma ya san inda zai tsaya.

Wannan lissafi yana da wata fuska marar daɗi, domin wani lokaci amsar takan faɗi ƙasa da sifili. Ƙanwar mahaifiyata tana da 'yar makarantar firamare, aka yi mata tallan wani fiyano na Ingila a gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Katakonsa abin kallo ne, har da wurin kafa kyandir a gaba. Da muka buɗe, sai ga kejin tsuntsu, ga tsatsa, ga murya ta sauka fiye da mataki guda, mai saiti ya sa makullinsa a ƙusa ta juya kamar an sa cokali a kunu. Dattijuwar ba yaudara ta shirya ba. Shekara arba'in tana jin mijinta yana kaɗa shi, a kunnenta har yanzu muryar nan take ji. Innata ta ce, "Mama, wannan kayan Baba ne, ya fi kyau a ɗakin nan." Muka sha ruwa, muka yi godiya, muka fito. Faɗa wa mai irin wannan kaya cewa kayansa ba su da kuɗi a kasuwa ba dole ba ne, biyan kuɗin don jin kunya shi ma ba dole ba ne.

Akwai wani ma'auni kuma da ya kamata a ajiye a gefe, wato fiyanon lantarki mai madannai 88 masu nauyi. Ba ya neman saiti, gara ba ta damu da shi ba, mutum biyu sun ɗauke shi. Muryarsa ba ta kai ta lafiyayyen fiyano na katako ba, kuma sai da wuta, wanda a ƙasar nan magana ce babba. Duk da haka, idan kuɗin tsohon fiyano da gyaransa sun haura kuɗin sabon na lantarki mai kyau, sai mai saye ya sami ƙwaƙƙwaran dalili kafin ya zaɓi tsohon. Yaron da ya fara koyo a kan fiyanon da rabin madannansa ba sa dawowa, shi za a ɗora wa laifin rashin ƙoƙari.

Wajen ciniki

Idan an zo taya, kalmomin da muka koya a aji suna aiki a nan ma, ko da cinikin da Yarabanci ko Turancin buroka ake yin sa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallamawa. Bambancin kawai shi ne wanda ya zo da takardar mai saiti a hannu ba kushe kaya yake yi ba, lissafi yake nunawa, kuma na lura masu kaya sun fi saukowa idan suka ga adadi a rubuce. Halin da mai kaya yake ciki shi ma yana taɓa farashi. Iyalin da za su bar ƙasar nan da mako biyu, ko waɗanda mai gida ya ba su notis, fiyano ya zame musu kaya, za su sallama da wuri. Ni dai ina ganin a irin wannan hali a tsaya kusa da abin da lissafi ya bayar, kada a matse mutum don an ga ya rasa yadda zai yi.

In akwai dillali a tsakani, a yanke tun farko wa zai biya la'ada. A rubuta sunan kamfani da lambar ƙira a jikin rasit. A kuma yi magana a kan benci, domin sau da yawa sai mota ta tashi ake tuna an bar shi. Wajen ɗauka a tsaye ake tafiya da shi, a ɗaure da jikin mota, a kuma riƙe shi ta hannuwan da ke bayansa, ba ta ƙafafun gaba ba. Idan ya iso a nema masa bangon cikin gida, nesa da taga da rana da na'urar sanyaya ɗaki, a bar shi mako biyu zuwa uku ya saba da iskar ɗakin kafin a kira mai saiti.